Adashin Saje

Me ya sa ya ce amin? Kusan shekara talatin ke nan ina juya wannan tambaya. Na juya ta a kan sallaya, na juya ta a gaban tukunya, ban samo amsarta ba, kuma wanda zai ba ni amsar yana kwance a maƙabarta can New Jersey.

Bana azumi ya sake faɗowa cikin sanyi. Shekaranjiya na tashi ɗora ruwan sahur, na ga gilashin tagar kicin ya yi fari da ƙanƙara ta ciki. Na zauna ina kuka har Zainabu ta fito a firgice. Zainabu 'yar ƙanena ce da ta zo karatu daga Kano, ita ce ke riƙe da biro yanzu, don ni ban yi boko ba, allo ma ƙananan surori ne iyakata. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

Sunana Asabe. Maigidana kowa Saje yake ce masa, ni ma haka, bakina bai taɓa kama sunansa na yanka ba. Ɗan sanda ne, kuma a bariki na yi ƙuruciyar aurena. Duk wadda ta zauna a bariki ta san adashi. Ranar da aka yi albashi, kafin maza su gama cire takalmi, mata mun hallara a ɗakin Iya Mairo matar Sufeto, ita ce uwar adashinmu. Kowa ta zuba, wadda layi ya zo kanta ta kwasa. Da adashi na sayi keken ɗinki, da shi na yi wa ƙanwata kayan ɗaki. Kuma akwai wata al'ada: in buƙata ta matsa miki alhali layinki da saura, sai ki ɗauki goro ki je gun uwar adashi ki durƙusa, ki roƙi a musanya miki da wata. Ba abin kunya ba ne, kowa ta taɓa yi.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka ba Saje aikin odali, wato mai tsaron lafiya, ga wani babban ma'aikaci da aka turo ofishin jakadanci a nan New York. Muka zo da 'yarmu Uwani, ita kaɗai Allah ya bar mana. Da wa'adin maigidansa ya cika ya koma gida, mu ba mu koma ba, saboda Uwani tana da sikila, kuma a nan ne muka fara ganin ta yi wata uku ba ta kwanta ba. Saje ya ajiye kaki, ya sami aikin gadi a wani sito kusa da filin jirgi, can unguwar Jamaica ta nan New York. Muka kama ɗaki a Morris Heights, hawa na biyar, a bene cike da mutanen Ghana.

Mutumin da ya yi shekara ashirin ana sara masa ya koma buɗe wa manyan motoci ƙofa. Bai taɓa kuka da bakinsa ba, amma na ga kafaɗarsa ta sauka. Sai wani abokin aikinsa, tsohon ɗan sandan nan garin, ya ba shi labarin wata ƙungiya ta 'yan sanda da ke karɓar duk wanda ya taɓa sa kaki, ko a wace ƙasa ce, ko yana aiki ko ya yi ritaya. Saje ya ɗauki takardar sallamarsa da hotonsa na fareti ya tafi. Ya dawo da kati mai hotonsa, da wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da ake maƙalawa a wuyan kwat. Ranar ya shigo yana taka ƙasa kamar ranar da aka ɗaura masa igiya uku.

Ya zaunar da ni yana lissafa mini amfanin abin. Ana taro sau ɗaya a wata. Ana aiko da mujalla. Wasu kantuna suna yi wa mai katin ragi. In mutum ya shiga rigima akwai lauya.

Na ce, "To su kuma me za su ci?"

Ya ce, "Akwai kuɗin ƙungiya. Kowa yana zubawa duk wata. In ta zo kan mutum, sai a ba iyalinsa."

Na ce, "Au, adashi ne."

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce, "Kusan haka, Asabe."

Iyakar bayanin da muka yi ke nan. Mujalla da lauya duk suka bi iska, ni kwasa kawai na riƙe. Duk farkon wata ya sa kuɗin a ambulan, abin da zai sayi ƙaramin buhun shinkafa, ni ce ma nake lasar bakin ambulan ɗin in manne masa. Shekara ta bi shekara. Na ce a raina, adashin maza ne, kuma suna da yawa, dole ya daɗe bai zagayo ba, amma ranar da ya zagayo sai mun nemi jaka.

Sai shekarar da azumi ya zo a tsakiyar sanyi. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana da kwanaki kafin a ga wata, ta binne motoci har rufinsu, titinmu ya yi tsit kamar an kwashe mutanen garin. Cikin wannan ƙanƙarar Saje ya zame a bakin sito, ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki, aka dawo mana da shi a kwance. Kamfanin ya ce ana duba maganarsa, aka yi ta dubawa, albashi ya tsaya.

Ni dama ina kitso a bayan wani shago a Fordham Road, ina kuma soya ƙosai ranar Juma'a. To wa zai fito kitso kansa a cikin hula biyu? Wata rana in wuni a shagon ban taɓa kan kowa ba, in dawo da kuɗin bas ɗin da na ɓatar. Ana cikin haka boilar da ke ɗumama benenmu ta mutu. Supa, mai kula da benen, ya ce landlod mai gidan ya ce gobe. Goben ta kai mako uku. Ƙarfen hita da ke yi mana ƙara da dare ya yi shiru, in ka taɓa shi sai ya kama maka yatsa.

Ga yadda muke yi. Na rataya barguna a tagogi, ɗakin ya zama duhu ko da rana. Na jawo katifar Saje da ta Uwani na kawo su bakin kicin, na buɗe obin, murhun gashin nan, na bar shi a kunne, na ɗora babbar tukunyar ruwa tana tururi. Bango ya riƙa zufa, fenti yana ɓarewa yana faɗo mana a abinci. Uwani tana kwana da safa uku, don sanyi shi ne abokin gabar mai sikila, ina tashi in taɓa gaɓoɓinta in ji ko sun fara. Da sahur in dama kunu da garin masara, tunda gero sai mai hali, in jefa 'yar tsamiya don ya tuna mana da gida. Mu sha da burodin jiya. Azumin kansa gajere ne, kafin biyar an sha ruwa, mutane suna ta murna wai azumin yara. A gidanmu dai ba ka cika gane bambancin kafin magariba da bayanta ba. Shayi, dabino uku-uku da aka rabo a masallaci, sai tuwo da miyar kuka wadda nama bai ratsa ta ba. Yunwar zafi na sani tun a gida, tana sa mutum ya kwanta. Yunwar sanyi ba ta barin ka kwanta, a ƙashi take zama.

Da farkon wata ya zo, Saje ya ce in miƙo masa ambulan. Na tsaya ina kallonsa yana ƙirga kuɗin daga abin da ya rage mana.

Uwani ta ce masa da Turanci wani abu, na gane nufinta, wai ya bari sai ya warke. Ya amsa mata da Hausa, "Ba a tsallake zubi, Uwani. Tambayi uwarki."

Ni kuwa na goyi bayansa. Wa ke fasa zubi ana gab da kwasa? Na lashi ambulan na manne.

Tun daga ranar na ƙara wata addu'a a kan waɗanda nake yi. Bayan sallar asuba, ina zaune a gefen katifarsa, in ɗaga hannu in ce da ƙarfi yadda zai ji, "Ya Allah, albarkacin wannan wata, ka kawo kwasar Saje da wuri. Ka sa layi ya zo kansa kafin salla."

Ranar farko ya yi shiru, har na waiwaya na ce, "Ba ka ji ba ne?"

Ya dubi silin, ya ce, "Amin."

Haka muka yi ta yi kullum. Ni in roƙa, shi ya ce amin. Rubuta wannan da kyau, Zainabu.

Masallacinmu a ƙasan wani bene yake, basmen ne da aka shimfiɗa wa kafet. Al'adarmu a azumi, mata su raba darare, kowane gida ya ɗauki dare ɗaya ya ciyar da masu buɗa baki, yawancinsu direbobin tasi da masu talla a titi waɗanda matansu suna gida. Ranar rabo, matan suka riƙa tsallake ni da ido, don kowa ta san halin da muke ciki. Wata ma ta ce a hankali, "A bar Maman Uwani bana." Wannan tausayin ne ya ƙone ni. Na ɗaga murya na ce a rubuta mini daren ashirin da bakwai.

Daren nan shi ne mafi cika, matan masu shago ne ke ɗaukarsa.

Hajiya Memuna, maƙwabciyata ta hawa na huɗu, mutuniyar zangon Kumasi, ta zungure ni. "Ei, Asabe! Da me?"

Na ce, "Adashin Saje ya kusa. Na 'yan sanda."

Na ga yadda suka dube ni, na ji daɗi har cikin raina.

Goma ta farko ta wuce, ta biyu ta kama. Na tambayi Saje ko an sa rana, ya ce, "Lokacinsa na Allah ne." Na ce ya buga musu waya mana ya ce yana kwance, ya ce ba ya son su sani. Na san halinsa, mutumin da ba ya zuwa taronsu sai ya goge kwat sau biyu. Sai na ce a raina, maza ba su iya roƙon layi ba, wannan aikin mata ne.

Ranar Asabar ɗin taronsu na ce masa zan je Fordham Road. Na jiƙa sauran waken da ke gidan na soya ƙosai, na zuba a kwano na naɗe da tawul, na sayi goro biyar a shagon Alhaji Isufu mutumin Maraɗi. Na ɗauki tsohuwar mujallarsu don adireshin, na roƙi Memuna ta raka ni, ita ce mai Turanci. Muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, muka sauya, muka sake sauyawa. Tafiya kamar za a bar ƙasar. A Jamaica ƙanƙarar gefen titi ta yi baƙi, ta kai gwiwa, ruwanta ya shige mini takalmi. Ƙamshin ƙosai yana tasowa daga tawul, ga azumi a bakina.

Ɗakin taron a saman wani kanti yake. Da muka tura ƙofa ɗumi ya doke ni a fuska, da ƙamshin kofi. Mutane wajen talatin a zaune, farare da baƙaƙe, yawancinsu masu furfura, kowa da irin ɗan ƙarfen Saje a ƙirji. A gaban tebur wata baƙar mata ce mai farin gashi da tabarau. Na ce wa Memuna, "Ga uwar adashin can." Na je na durƙusa, na ajiye goro da kwano a gabanta.

Na ce, "Gaya mata ni matar Saje ce, na zo maganar kuɗinsa."

Memuna ta faɗa, ta nuna hotonsa da na ɗauko. Matar ta cire tabarau. Ta miƙe tsaye a hankali, ta yi wa ɗakin magana. Sai na ji kujeru suna ƙara, duk suka miƙe, masu hula suka cire. Wani dogon Bature ya dafe ƙirji. Na ce a raina, ashe haka Saje yake da girma a wurin nan. Har na gyara mayafi.

Matar ta zagayo ta kama hannuwana biyu tana magana, idonta ya kawo ruwa. Na dubi Memuna, na ga bakinta a buɗe.

"Asabe, gaisuwa suke miki. Suna tambaya yaushe Saje ya rasu."

Na fizge hannuna. "Wane Saje? A'uzubillahi! Na baro shi yana jan carbi! Ce musu ƙugu ne kawai, ƙugu!"

Memuna ta faɗa. Ɗakin ya rikice, wasu suka zauna, wasu suka tsaya da hula a hannu. Ni ban fahimci komai ba tukuna, na ɗauka an yi kuskuren suna ne. Na ce, "Gaya mata na san layinsa bai zo ba. Roƙo na zo yi. Ko akwai wanda layinsa ya kusa, ya taimaka ya ba Saje, shi ya koma bayanmu."

Memuna ta ce, "In faɗa haka?"

Na ce, "Faɗa mana, me na kawo ki yi?"

Ta faɗa. A cikin maganarta na ji ta ce susu, haka mutanen Ghana ke kiran adashi. Matar mai farin gashi ta maimaita, "Susu?" Ashe ita ma daga tsibiran nan na Karibiyan iyayenta suka zo, kuma da wannan sunan suka san shi. Ta rufe bakinta da hannu. Amma kafin ta yi magana, wani tsoho a baya, mai sanda da bututun iska a hanci, ya ɗaga hannu ya faɗi wani abu. Ɗakin ya fashe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba, matar ta juya ta dube su, suka haɗiye ta.

Na ce, "Me ya ce?"

"Bari, Asabe."

"Me ya ce?"

"Ya ce shi nasa layin ya kusa, likita ya gaya masa. In Saje yana so, ya ba shi kyauta."

Sai Memuna ta ja ni gefe, ta sassauta murya. Hausarta ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, har yau ina jin yadda ta faɗa. "Matan nan ya ce ba susu ba ne. Kuɗin nan ba a ba mutum da rai. Sai ya mutu a ba matansa. Kafra, Asabe. Yi haƙuri."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da na tuna, ruwan takalmina ya narke ya yi ɗan tafki a kan dandamalinsu, ina kallonsa. Ba dariyar ce ta kashe ni ba. Asuba goma sha tara ce ta dawo mini gaba ɗaya, ni da hannu a sama ina roƙon Allah ya gaggauta, shi yana kwance yana cewa amin.

Matar ta zaunar da ni, ta kawo kofi, Memuna ta ce ina azumi, ta mayar. Ta yi ta tambaya. Yaushe ya faɗi? A wurin aiki ne? Me kamfanin ya ce? Akwai ɗumi a gidan? Memuna ce ta zazzage musu komai, har bargunan taga, har daren ashirin da bakwai. Duk abin da Saje ya yi shekara takwas yana rufewa da gogaggen kwat, a zama ɗaya muka kwance shi a gaban abokansa. Matar ta ce akwai taimakon da suke yi wa ɗan ƙungiya in ya kwanta, don me bai faɗa ba? Da za mu tafi na bar ƙosan a kan tebur, tsohon nan mai bututu ya riga ya fara ci.

Na dawo gida gab da magariba. Washegari da asuba na yi salla, na shafa, na tashi.

Saje ya ce, "Yau babu addu'ar?"

Na shige banɗaki na kunna famfo don kada Uwani ta ji.

Ranar Litinin aka ƙwanƙwasa. Matar nan mai farin gashi ce, da dogon Baturen nan, da wani lauya. Saje yana kwance a bakin kicin cikin tsohuwar rigar sanyina, kwana huɗu bai yi aski ba, ga obin a buɗe, ga fenti a ƙasa. Ya yunƙura zai tashi ya kasa. Baturen ya tsaya a kansa ya ƙame ya sara masa. Na ga Saje ya ɗaga hannu ya mayar, sannan ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kin je."

Na ce, "Na je."

Ban san wanda suka buga wa waya ba, amma kafin kwana biyu ƙarfen hita ya fara ƙara, supa ya hau har hawa na biyar yana tambaya ko ɗumin ya isa. Lauyan ya karɓi maganar kamfanin, daga baya aka biya Saje haƙƙinsa. Ɗumi ya dawo ɗakin, amma kwana uku Saje bai haɗa ido da ni ba.

Saura daren ashirin da bakwai. Na riga na yanke zan je in durƙusa wa matan masallaci in ce na yi ƙarya. Ashe Memuna da matar ƙungiyar nan sun gama shirinsu. Suka sayi kaji da rago a wurin Alhaji Isufu don a tabbata yankan Musulmi ne, matan benenmu suka dafa. Abin da ba wanda ya yi tunani, 'yan ƙungiyar da kansu za su kawo abincin, kuma biyu daga cikinsu daga wurin aiki suka biyo, da kaki, da mota mai fitila.

Ana saura kaɗan a kira salla suka sauko matakalar basmen ɗauke da farantai. Wani ya ce, "Polis!" Samarin da ba su da takarda suka yi ƙofar baya, wani ya haura ta kan liman, wani ya bar takalmi ɗaya. Kafin ƙiftawar ido rabin sahu ya watse. Daga ɓangaren mata na ji wata ta ce, "Adashin Asabe ne ya iso." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai na ji ƙarar sanda a matakala. Saje ne. Ya sa Alhaji Isufu ya ɗauko shi a mota ba tare da na sani ba, ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa da ɗan ƙarfen a wuya, yana dogara sanduna biyu, gumi yana zubo masa a wannan sanyin. Ya tsaya a tsakanin baƙin da jama'a, ya ɗaga murya irin ta fareti wadda na yi shekaru ban ji ba.

"Jama'a, baƙina ne! Abokan aikina ne. Ba kamu suka zo ba, abinci suka kawo. Isufu, je ka kira yaran nan, ka ce Saje ne ya ce."

Alhaji Isufu ya fita yana cewa, "Bon, bon, ku dawo, wallahi shinkafa ce!" Suka dawo ɗaya-ɗaya suna leƙe. Mai takalmi ɗaya shi ya fi kowa ci. An daɗe ana ba da labarin daren nan ana dariya, kuma har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni sai su ce, "Hajiya, ya adashi?" Ina murmushi. Ba su san sauran ba.

Ranar salla da yamma, Uwani ta fita, na zauna a gefensa na tambaye shi. Na ce, "Saje, ka san abin da nake roƙo. Ka san ban sani ba. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Me ya sa kake cewa amin?"

Ya ce, "Addu'ar mai azumi ai ba a barinta a ƙasa."

Na ce, "Ba wasa nake ba."

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Miƙo mini ruwa, Asabe."

Na miƙa masa. Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake tayarwa ba. Wani lokaci ina cewa kunyar gyara mini ya ji, tunda shi ya fara cewa kusan haka. Wani lokaci ina cewa tsokana ce irin tasa. Amma akwai daren da nake tuna shi kwance a bakin obin, yana kallon 'yarsa tana rawar sanyi, yana kallon tukunyar da ba nama, ya san abin da ambulan ɗin nan zai kawo mana da sharaɗin kawo shi. A irin wannan daren ba na iya barci.

Ya yi shekara uku bayan nan. Bai koma aiki ba, ya koma tafiya da sanda, yana cewa da shi ɗan sanda ne, yanzu ya sami ƙarin girma ya zama uban sanda. Bai taɓa fasa taro ba, bai taɓa tsallake zubi ba. Ni dai ban sake lasar ambulan ɗin ba, Uwani ce ke yi. Adashi kuwa ko na mata a masallaci ban sake shiga ba.

Zuciya ce ta ɗauke shi, da kaka, ganye yana zuba. Ranar jana'iza 'yan ƙungiyar suka jeru a ƙofar masallaci da hula a hannu, kamar yadda suka yi mini a Jamaica, sai dai wannan karon ba kuskure. Ba wanda ya gudu. Kuɗin da aka ba ni shi ya sayi kabarin, ya riƙe mana ɗaki, ya kai Uwani har ta gama karatun jinya. Sai da Memuna ta ja ni kamar akuya kafin na je karɓa, kuma da na je, matar nan mai farin gashi rungume ni kawai ta yi.

Da ba zan je ba sam, in ba don abin da ya ce mini a asibiti ba. Da la'asar ne, Uwani ta sauka neman shayi, daga ni sai shi. Ya yi kwana biyu ba ya magana sosai. Na ga yana motsa yatsa, na matsa na kai kunnena. Yana murmushi, wallahi Zainabu, murmushi yake.

Ya ce, "Asabe, layi ya zo. Ki je ki kwasa, kada ki sunkuyar da kai. Ni na zuba."